Darasin Wannan Wata: Yadda Za A Rage Wa Waya Kaya Ba Tare Da An Rasa Hotuna Ba

Duk mai riƙe da babbar waya ya san wannan matsala. Ana tsakiyar suna ko ɗaurin aure, mutum ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ta ƙi. Wani rubutu ya fito da Turanci yana cewa wuri ya ƙare. Daga nan sai waya ta fara nauyi, saƙo ya ƙi shigowa, a taɓa ta ta daɗe ba ta amsa ba. Abin da yawancin mutane ke yi a irin wannan hali shi ne su shiga goge hotuna cikin gaggawa, ko su miƙa wa yaro ko mai caji su ce ya share musu ita. Bayan kwana biyu sai a nemi hoton marigayi mahaifi, ko hoton takardar cinikin gona, a tarar ya bi sauran.

A Badarawa da sauran garuruwan Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Rashin tsaro na shekarun nan ya raba iyalai da yawa da gidajensu. Akwai waɗanda suka fito ba su ɗauki komai ba sai wayar da ke aljihu. Ga irin waɗannan bayin Allah, hoton gida da na dangi da na takardu da ke cikin waya shi ne kaɗai abin da ya rage. Saboda haka darasin wannan wata zai yi bayanin yadda za a sama wa waya wuri ba tare da an yi da-na-sani ba. Ka'idar guda ɗaya ce: a kwafa tukuna, a tabbatar kwafin ya yi, sa'an nan a goge.

DA DA YANZU

Manya za su tuna lokacin da ɗaukar hoto sai ranar Salla ko ranar biki. Mai hoto ya zo da kyamararsa, fim ɗinsa kuwa ba ya wuce hoto 24 ko 36. Sai ya kai birni an wanko, sa'an nan ya kawo. Hoton kaɗan ne, amma yana hannu. Ana sa shi a albam ko a ƙasan akwati, ya shekara ashirin yana nan.

A watan Agusta na 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya. Bayan wasu shekaru sai manyan wayoyi masu kyamara suka yi araha, musamman Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, wato Transsion, ke ƙera su. Yanzu manomi ɗaya na iya ɗaukar hoto a wata guda fiye da wanda kakansa ya gani duk tsawon rayuwarsa. Sai dai hotunan nan duka suna zaune ne a wuri ɗaya, cikin wani ƙaramin abu da kan faɗa rijiya, ko ya fashe, ko a sace shi, ko a ƙwace shi a hanya.

RUMBUN WAYA DA MUDUNSA

Kowace waya tana da ma'aji a cikinta, kamar yadda kowane gida ke da rumbu. Rumbun nan yana da iyaka. Kamar yadda ake auna hatsi da mudu da buhu, haka ake auna kayan waya da megabait da gigabait. A waya ana rubuta su a taƙaice: MB da GB. Kimanin megabait 1,000 ne ke yin gigabait 1. Wato megabait shi ne mudu, gigabait shi ne buhu.

A jikin kwalin waya akan rubuta girman ma'ajinta, kamar 16GB ko 32GB ko 64GB ko 128GB. Amma ba duka ne mai waya zai samu ba. Ita kanta wayar tana da nata kayan aiki da aka zuba mata tun daga kamfani, kuma suna cin wani kaso mai yawa. Abin da ya rage shi ne na hotuna da bidiyo da waƙoƙi da manhajoji, wato irin su WhatsApp da Facebook da TikTok.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Hoto ɗaya da aka ɗauka da kyamarar waya yakan kai kamar megabait 2 zuwa 5. A ɗauka megabait 3 ne. Ke nan hoto 1,000 zai ci megabait 3,000, wato gigabait 3 kacal. Bidiyo kuwa ba haka yake ba. Minti ɗaya na bidiyo mai kyau na iya cin kusan megabait 100. Fim ɗaya mai megabait 700, irin wanda masu tura fina-finai ke zuba wa mutane a kasuwa, ya cinye wurin hoto fiye da 230.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne, a yawancin wayoyi ba hotunan iyali ne ke cika ma'aji ba. Fina-finai ne, da bidiyoyin da ake turowa a zaurukan WhatsApp, da tarkacen da manhajoji ke tarawa. Wanda ya goge hoton 'ya'yansa 200 don neman wuri, da fim ɗaya ya goge da ya sami fiye da haka.

A RABA IRI DA ƘAIƘAYI

Kafin a taɓa komai, sai a raba kayan waya gida biyu. Tambayar da za a yi wa kowane abu ita ce: idan wannan ya ɓace, za a iya sake samunsa?

Kashi na farko shi ne abin da za a iya sake samu. Ga fina-finai, ga waƙoƙi, ga bidiyon barkwanci, ga hotunan gaisuwar Juma'a da na barka da safiya. Har karatun Alƙur'ani da wa'azin sanannun malamai suna cikin wannan kashi. Ba don ba su da daraja ba, a'a, sai don suna nan a wayoyin jama'a da yawa, ana iya sake karɓa a kowane lokaci.

Kashi na biyu shi ne abin da babu shi a ko'ina sai a wannan waya. Hoton iyaye da kakanni, musamman waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Hoton suna da aure da saukar karatu. Muryar dattijo da aka naɗa yana ba da tarihin gida ko yana nuna iyakar gona. Hoton katin ɗan ƙasa da takardar lambar NIN da katin zaɓe da katin asibiti da katin rigakafin yara. Hoton rasit, da takardar cinikin gona ko fili, da shaidar tura kuɗi ta banki. Hoton dabbobi, wanda kan yi amfani idan saniya ko raƙumi ya ɓace ana cigiya.

Wannan kashi na biyu shi ne irin shuka. Manomi mai hankali ba ya haɗa iri da hatsin ci, kuma ba ya ajiye shi duka a wuri ɗaya. Haka ya kamata a yi wa waɗannan hotuna.

MATAKI NA FARKO: A YI KWAFI

Masana harkar ajiyar hotuna suna da wata ka'ida da suke kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka mai suna Peter Krogh ya yaɗa. Ma'anarta ita ce a sami kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'aji iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani wuri dabam, ba a gida ɗaya ba. Mutumin karkara ma zai iya bin wannan ka'ida da abin da ke hannunsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce memori, wato ɗan ƙaramin katin nan da ake sa wa waya. Hotunan da kyamara ta ɗauka suna zaune ne a wata jaka mai suna DCIM. Waɗanda aka turo ta WhatsApp kuwa suna cikin jaka mai suna WhatsApp Images. Za a same su idan aka buɗe manhajar da ke nuna fayilolin waya, wadda akan rubuta mata suna Files ko File Manager. Sai a zaɓi hotunan da ake so, a tura su cikin memori.

A nan akwai kalmomi biyu na Turanci da ya kamata ɗalibi ya koyi bambanta su. Copy na nufin a kwafa, asalin ya tsaya inda yake. Move na nufin a kwashe gaba ɗaya. A riƙa zaɓen Copy. Dalili kuwa shi ne, idan caji ya ƙare ana tsakiyar aiki, ko memorin ya ba da matsala, asalin hoton yana nan bai tafi ba.

Bayan an gama, kada a yi saurin goge komai. A kashe waya, a cire memorin, a sa shi a wata wayar, a buɗe hotunan. A duba na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Idan duk sun buɗe, to kwafi ya yi. Gani ya kori ji.

Wajen sayen memori ma sai an lura, domin akwai jabu a kasuwa. Za a ga an rubuta 32GB ko 64GB a jikinsa, har waya ma ta nuna haka, alhali ainihin abin da zai iya ɗauka kaɗan ne. Idan aka wuce wannan iyaka sai hotuna su lalace, su ƙi buɗewa. A saya a wurin wanda aka sani, wanda za a iya komawa gare shi. Idan kuɗin ya yi arha fiye da kima, a yi hattara. Araha ba ta ado.

Haka kuma, idan aka sa sabon memori, wasu wayoyi kan tambaya ko a haɗe shi da ma'ajin cikin waya, ko a bar shi a matsayin na cirewa. A zaɓi na cirewa, wanda ake rubutawa Portable storage. Memorin da aka haɗe da ma'ajin ciki yana kulluwa da wannan waya kaɗai. Ran da wayar ta mutu, babu wata da za ta iya karanta shi. Bugu da ƙari, duk lokacin da waya ta nuna kalmar Format, a dakata. Format na nufin a wanke memori tas, duk abin da ke ciki ya tafi.

Memorin ajiya ba a barin sa cikin waya, domin idan aka sace wayar an haɗa da shi. A naɗe shi a takarda, a rubuta suna da kwanan wata a kai, a sa a ƙaramar kwalba ko gwangwani mai murfi, nesa da zafin bazara da laimar damina. Bayan kowane wata uku ko huɗu a ɗauko a gwada shi, a ƙara masa sababbin hotuna. Memori ma yana lalacewa, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai.

Kwafi na gaba sai ya bar gida. Wanda ke da ɗa ko ƙane amintacce a Gusau ko Sakkwato ko Kano, ko ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, sai ya ba shi memori na biyu ya ajiye. Idan sun haɗu kuma, ana iya tura hotuna daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ba tare da an kashe data ba. Wanda zai aika hoton takarda ta WhatsApp ya sani cewa manhajar tana rage wa hoto nauyi, har ƙananan rubutu su dushe. Idan ana son ya isa yadda yake, sai a aika shi ta wurin da aka rubuta Document.

AJIYA A INTANET: AMFANINTA DA IYAKARTA

Akwai kuma ajiya a intanet. Yawancin masu wayar Android suna da asusun Google, wato adireshin Gmail da aka buɗe musu lokacin da suka sayi waya. Kamfanin yana ba kowane asusu wurin ajiya na gigabait 15 kyauta. A lissafin da ya gabata, wannan zai ɗauki hoto kusan 5,000. Idan aka kunna ajiya a manhajar Google Photos, hotuna za su riƙa hawa can. Ko waya ta ɓace, da zarar an shiga asusun a wata wayar za a gan su.

Amma akwai abubuwa huɗu da ya kamata a sani.

Na farko, wurin yana da iyaka. A da Google Photos na karɓar hotuna ba adadi, amma an daina haka tun ranar 1 ga Yuni, 2021. Gigabait 15 ɗin nan kuma har da saƙonnin Gmail a ciki. Tun farkon 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ma a cikinsa ake lissafa ta. Saboda haka kada a bari fina-finai da bidiyon zaure su hau can. Ɗora kaya kuma yana cin data: gigabait 3 na hotuna zai ci data gigabait 3.

Na biyu, asusun ba shi da amfani ga wanda bai san adireshinsa da kalmar sirrinsa ba. Mutane da yawa mai shago ne ko wani yaro ya buɗe musu, ba su taɓa tambaya ba. A nan ne karatu da rubutu ke nuna ranarsu. Mai waya ya sa a nuna masa adireshin, ya canja kalmar sirri zuwa wadda shi ya zaɓa, ya rubuta su biyun da hannunsa a littafi, ya adana tare da takardun gida. Ya kuma tabbatar lambar wayar da ke jikin asusun tasa ce, kuma layin yana aiki, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya ba wani.

Na uku, asusun da aka yi watsi da shi yana iya salwanta. Daga watan Disamba na 2023 kamfanin Google ya fara aiki da ka'idar cewa asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, yana iya rufe shi ya goge abin da ke ciki.

Na huɗu, sai da sabis ake kaiwa ga ajiyar intanet. Mutanen Zamfara sun ga haka da idonsu. A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layuka a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. An mayar wa Gusau da sabis a farkon Oktoba, amma sauran ƙananan hukumomi sun daɗe bayan haka ba su samu ba. Wasu sassan Katsina da Sakkwato ma an katse musu. A wancan lokaci, wanda hoton takardarsa ke intanet kaɗai ba shi da hanyar buɗe shi sai ya yi tafiya mai nisa. Wanda nasa ke memori kuwa yana hannunsa. Darasin a nan shi ne, intanet na maganin sata da gobara, memori na maganin rashin sabis. Kowanne na rufa wa ɗan'uwansa asiri.

MATAKI NA BIYU: A SHARE TARKACE

Sai an tabbatar da kwafi sa'an nan a fara shara. A bi wannan jeri, daga abin da ba shi da haɗari.

1. Fina-finai da waƙoƙi. A goge waɗanda aka riga aka kalla. Waɗanda ake so a mayar da su wani memori dabam, ba na hotunan iyali ba.

2. Kayan WhatsApp. A shiga Settings, a taɓa Storage and data, sa'an nan Manage storage. Nan za a ga yawan wurin da kowane zaure da kowace hira suka ci, da fayilolin da suka wuce megabait 5, da waɗanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu. A duba kowanne kafin a goge, domin bidiyon bikin gida ma yana iya kasancewa a ciki.

3. A toshe ƙofar da tarkace ke shigowa. A wannan shafi na Storage and data akwai wurin da aka rubuta Media auto-download. A cire alamar da ke kan hoto da bidiyo da sauti. Daga nan babu abin da zai sauka sai wanda mai waya ya taɓa da kansa. Wannan na rage cikar waya, yana kuma rage kashe data.

4. Tarkacen manhajoji. Facebook da TikTok da makamantansu suna tara guntayen abin da aka kalla don su yi saurin buɗewa. A shiga Settings na waya, a nemi Apps, a zaɓi manhajar, a taɓa Storage. Za a ga kalmomi biyu. Clear cache na share tarkace ne kawai, ba ya cutarwa. Clear data kuwa yana mayar da manhaja kamar sabuwa. Idan aka yi wa WhatsApp haka ba tare da ajiya ba, hirarraki sun tafi. A taɓa na farko, a bar na biyu.

5. Manhajojin da ba a amfani da su, kamar wasannin da yara suka sauke. A cire su. Wanda wayarsa ƙarama ce yana iya amfani da Facebook Lite maimakon babbar.

6. Daga ƙarshe sai hotunan kyamara. A goge waɗanda suka dushe, da waɗanda aka ɗauka sau biyar alhali ɗaya ya isa.

A nan akwai tarko ga masu Google Photos. Idan ajiya na kunne, aka goge hoto a cikin manhajar, to an goge shi a waya da intanet gaba ɗaya. Wanda ke son cire hotuna daga waya su tsaya a intanet, sai ya nemi wurin da aka rubuta Free up space. Wannan yana cire waɗanda suka riga suka hau ne kaɗai.

Haka kuma a yi hankali da manhajojin share-share masu alkawarin wanke waya da taɓawa ɗaya. Na'ura ba ta san bambancin hoton kaka da hoton gaisuwar Juma'a ba. Duk abin da ta jero, a duba shi da ido kafin a amince.

Idan an yi kuskure, kada a fid da rai nan take. A wayoyi da yawa hoton da aka goge yana komawa kwandon shara, wanda ake rubutawa Trash ko Bin ko Recently deleted, ya zauna kamar kwana 30. A duba can, a taɓa Restore, sai ya dawo. Wannan na nufin kuma wuri ba zai samu ba sai an zubar da kwandon. Idan kuwa daga memori aka goge, a cire shi nan da nan, kada a ƙara masa komai, a kai wa wanda ya san aikin kwamfuta. Wani lokaci akan dace.

TAKARDA BA TA BUKATAR CAJI

Duk da wannan ci gaba, hoton da aka wanko a takarda yana da ranarsa. Ba ya neman caji, ba ya neman sabis, ba ya neman kalmar sirri. Yana da kyau kowane gida ya zaɓi hoto goma ko ashirin mafiya muhimmanci, ya kai wa masu hoto a Shinkafi ko Ƙauran Namoda a wanko su. A rubuta a bayan kowanne sunan wanda ke ciki da garin da shekarar. Jikan da ba a haifa ba zai gode. A sa su a leda, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ruwa. Sai dai a tuna, hoton takarda ba ya zama madadin ita takardar. Takardar gona da katin ɗan ƙasa na asali su ma a adana su.

KARE MUTUNCIN IYALI

Adana hoto ba kare shi daga ɓacewa ne kaɗai ba, har da kare shi daga idon da bai kamata ba. A cikin waya akwai hotunan matan aure da 'yan mata, da takardun da ɗan damfara zai iya amfani da su.

Kafin a bar waya a shagon caji, a kulle ta ko a kashe ta. Kafin a kai ta gyara, a kwafe hotuna, a cire memori da sim. Idan mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, to a sani duk abin da ke cikinta zai tafi. Mantuwar lambar buɗe waya na daga cikin abin da ke jawo haka, don haka ita ma a rubuta ta a littafin gida. Wanda zai sayar da waya ko ya yi musaya, bayan ya kwafe kayansa sai ya fita daga asusunsa na Google da WhatsApp, ya yi mata abin da ake kira Factory reset, wato mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Idan za a nemi taimakon wani wajen kwafa, a zauna tare da shi har ya gama. Mace ta nemi 'yar'uwarta ko malamar ajinsu. Daga ƙarshe, mai gida ya sanar da mutum ɗaya amintacce inda memori da littafin suke, domin rai ba a bakin komai yake ba.

ABIN DA ZA A RIƘE

A ware rana ɗaya a kowane wata, misali Juma'ar farko, don wannan aiki. A kwafa sababbin hotuna, a gwada kwafin, sa'an nan a share tarkace. Aikin ba zai wuce rabin sa'a ba. Rigakafi ya fi magani.

KALMOMIN DA ZA A KOYA

Malami ya rubuta waɗannan a allo, ɗalibai su kwafa a littafi, sa'an nan kowa ya nemo su a waya: MB, GB, DCIM, Copy, Move, Format, Clear cache, Clear data, Restore.

TAMBAYOYI

1. Megabait nawa ne ke yin gigabait 1?
2. Idan hoto ɗaya megabait 3 ne, hoto nawa za su shiga wurin gigabait 6?
3. A kawo abubuwa uku da za a iya sake samu idan sun ɓace, da uku da ba za a iya ba.
4. Mene ne bambancin Copy da Move? Wanne ya fi aminci?
5. Me ya faru a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, kuma wane darasi ya koyar game da ajiya a intanet?
6. Me ya kamata a yi kafin a kai waya gyara?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen hotuna goma da ba zai so ya rasa ba, nasa ko na wayar gidansu. A gaban kowanne ya rubuta wuri nawa yake ajiye. Duk wanda aka samu a wuri ɗaya kaɗai, a yi masa kwafi kafin zama na gaba.